Masaukin da Sahabi Baduku Ya Bar Mana

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da Allah ya karɓi ran ƙanena, Sahabi Baduku, mutumin da ya fara tara masu sana'a na Mafara da Bakura da Maradun a fili ɗaya, sau ɗaya a shekara. A zauren gidansa muka zauna ranar Larabar da ta wuce don shirin bikin bana, kuma zan faɗi waɗanda suka halarta, kada gobe wani ya ce da shi aka yi alhali ba ya nan. Akwai Alhaji Mande, abokin marigayi tun suna yara, ɗan kasuwar shinkafa, shi ke shugabantar kwamiti yanzu. Akwai Malam Ladan, limamin unguwarmu. Bello Maƙeri ya zo daga Bakura, Ummaru Masaƙi ya zo daga Maradun. Sai Balkisu ɗiyar marigayi, malamar makaranta, ita ce ma ke riƙe da biro yanzu tana rubuta abin da nake faɗa, tunda ni ban taɓa zama aji ba. Sai ni, Kulu mai ginin tukwane, a kan tabarmata bakin ƙofar shiga cikin gida, inda nake ganin fuskar kowa.

Magana ɗaya ta tara mu: ina baƙin biki za su kwana bana? Wanda bai san bikinmu ba zai ce ai wannan ƙaramin abu ne. To a kan wannan ƙaramin abin bikin yake tsaye tun farkonsa, kuma da mun kuskure amsar ranar nan, da rabin mutanensa ba su ƙara taka Mafara ba.

Sahabi mutum ne mai yawan magana, ni kuwa ba ni da ita. Na girme shi, na goya shi, kuma har ya koma ga Ubangijinsa ban daina yi masa faɗa ba. Wata Talata ya dawo daga kasuwa da jakunkunan fatarsa kamar yadda ya fita da su, ko tayi ba a yi ba, ga maƙwabcinsa mai takalman roba ya sayar har ya karkaɗe buhu. Ya biyo ta gidana ya same ni ina kwaɓa yumɓu, ya tsuguna ya ce, "Yaya, nan gaba jikokinmu za su ga tulu su tambaya mene ne wannan." Na ce to ya je ya hana mutane sayen roba mana. Ya yi dariya, ya ce ba zai hana kowa komai ba, tara mu zai yi waje ɗaya, maƙera da dukawa da masaƙa da marina da masassaƙa da masu tukwane, har da makaɗa da 'yan kokawa da malamai masu zayyanar allo, mutane su zo su gani da idonsu yadda hannu ke yin abu. Na ce masa surutu ne. Na sha faɗa masa haka a kan abubuwa da yawa, kuma sau da yawa ni ke da gaskiya. Wannan karon ba ni ba ce.

Ya zaɓi bayan kaka, lokacin da hatsi ya shiga rumbu, ba a kuma riga an faɗa aikin noman rani ba. Ya yi ta lallashin mutane har suka yarda. Sai shi da abokansa suka yi abin da suka ɗauka karramawa ce: suka roƙi aron azuzuwan wata makarantar firamare, aka share, aka shimfiɗa sababbin tabarmi, aka ɗora manyan tukwane a tsakar fili. Ni ma na kai randuna biyu na ruwan sha, don haka ina tsaye gindin darbejiya na ga komai.

Baƙi suka iso da hantsi. Aka nuna musu azuzuwa, aka ce kowa ya ɗauki kwano ya bi layi. Mahaifin Bello, tsohon maƙerin Bakura, Allah ya jiƙansa, ya leƙa ajin, ya dubi baƙin allon bango, ya fito. Bai ɗaga murya ba.

"Sahabi, garin ga naku babu maƙera na?"

"Akwai su, Baba, unguwa guda ma."

"To mi munka yi musu, da anka kawo mu ɗakin yara? Ni tun da nike ban taɓa zuwa gari in kwana inda babu zugazugi ba. Kuma tuwo a layi, kamar masu karɓar allura?"

Ya juya ya ce wa yaransa su ɗaure kaya. Mutanen Maradun da suka ga haka su ma suka fara naɗe nasu. Nan take Sahabi ya gane kuskurensa. Shi kansa in ya je fatauci wani gari gidan baduku yake sauka, haka ubanmu ya yi, haka kowane mai sana'a ke yi, amma zumuɗin yin abu irin na zamani ya mantar da shi. Ya cire hularsa, ya durƙusa gaban tsohon, ya roƙi a ba shi zuwa la'asar. Sannan ya bazama cikin gari, takalminsa a hannu.

Kafin a kira la'asar sai ga maƙeran Mafara sun taho a jere, babbansu a gaba. Suka gaida tsohon, gaisuwa mai tsawo har da tambayar waɗanda suka mutu, sannan suka ɗauki kayansa a kansu. Bayansu marina, hannuwa shuɗi har gwiwar hannu. Bayansu masaƙa. Kowa ya zo ya nemi ɗan'uwan sana'arsa ya wuce da shi gida. Kafin rana ta yi sanyi makarantar ta zama fanko, sai tabarmi da tuwon da aka rasa mai ci, aka rarraba wa maƙwabta.

Wurina Sahabi ya zo a ƙarshe, yana haki. Ya ce, "Yaya, saura mace ɗaya daga Dosara, mai tukwane." Na ce ni ba na saukar da wanda ban sani ba. Ya ce, "To yau za ki san ta," ya juya ya tafi kafin in buɗe baki.

Haka Tumba ta shigo gidana, gajeruwa, mai dariya kamar ana fasa ƙwarya. Ko ruwa ba ta gama sha ba ta ɗauki wani tuluna, ta ƙwanƙwasa shi da yatsa, ta kara a kunne, ta ce, "Wanga bai ji wuta ba, Kulu. Itace na da tsada garinku?" Na ce mata tuwon da za ta ci da shi aka dafa, in bai yi mata ba ta bari. Har aka watse bikin muna musu. Amma a wurinta na koyi goge tukunya da 'ya'yan kuka da aka zarge a zare har ta riƙa ƙyalli, ita kuma ta tafi da yadda nake daka tsingaron fasassun tukwane in cuɗa da yumɓu don kada tukunya ta tsage a wuta.

Sahabi, da ya ga abin ya yi daɗi, sai ya ƙara wani. Ya ce a fili ba wanda zai tsaya kan kayansa: mai masauki ne zai tsaya kan kayan baƙonsa, ya nuna, ya yaba, ya yi talla, baƙo kuma ya tsaya kan na mai masauki. Wato ni Kulu, da ban taɓa yabon ko miyar wani ba, aka tsayar da ni gaban tukwanen Tumba ina cewa jama'a ku zo ku ga aiki. Matan unguwarmu sun zo fili ranar, ba don kokawa ba, ba don kiɗa ba, don kawai su ji da kunnensu Kulu na yabon mutum.

Wannan shi ne tsarin bikinmu har yau, ga mai tambaya. Ba mu da ofis. Kowace sana'a tana da babbanta, shi ya san wane gida ke ɗaukar wa. Maƙeri gidan maƙeri, mai zayyana gidan malamai, makaɗi gidan makaɗi, mace wurin mace. Matan gida su ke girki, kowa da irin abin da Allah ya hore masa, mai nama ya sa nama, mai kuka ya kaɗa kuka, ba a taɓa jin baƙo ya yi ƙorafi ba. Ranar buɗewa baƙi ke fara shiga fili, mutanen ƙauye gaba da na gari, mu Mafara mu ne ƙarshe. Kwamiti aikinsa neman fili da rumfuna da gaida manya. Sauran duk a cikin gidaje ake yin sa. Aure nawa aka ƙulla ta wannan hanya, yara nawa suka tafi koyon sana'a gidan baƙon ubansu, ban lissafa ba, amma ina ganin su suna wucewa da goyo.

Shekarar da Sahabi ya rasu, ciwo na 'yan kwanaki a ƙarshen damina, kowa ya ce shi ke nan, bikin ya bi mai shi. Kwamiti bai ko zauna ba. Amma da kaka ta wuce sai muka fara jin sallama a ƙofofi. Baƙi suka zo da kayansu kamar kullum, kowa ya nufi gidan da ya saba, suka yi ta'aziyya, suka kwance kaya. Dole aka nemi fili. Ranar na san ƙanena ya gina abin da zai iya tsayuwa ko ba shi.

Nakan tambayi kaina, da zai ɗaga kai yau me zai ce? Na san zai yi murna da 'yan matan makarantu da ke zuwa da wasan kwaikwayo, da samarin da ke ɗaukar maƙera a waya suna watsawa, har mutanen da ba su taɓa jin sunan ƙauyen Morai ba suna aiko a saƙa musu zane. Bara wani mai gyaran waya daga Bakura ya zo ya ce shi ma aikin hannu yake yi, a sa shi. Tsofaffi suka yi ta gunaguni. Da Sahabi na nan dariya zai yi ya ce a nemo masa mai gyaran waya a Mafara ya sauke shi, kuma haka aka yi. Kujerun roba da aka cika fili da su kuwa, na san sai ya ɓata rai, shi da ya fara abin don haushin roba. Lasifikar da ke hana mutum jin sautin gurmi yadda yake, wannan ni ma ban yafe ba.

Abin da zai karya masa zuciya hanya ce. Shi da ke hawa mashin ya ratsa ƙauyuka ba ya duban baya, yau sai mutum ya tambaya kafin ya fita gona. Ba sai na yi wa mai karatu bayanin abin da ƙasarmu ke ciki ba. Wannan ne ya kawo maganar ranar Laraba.

Alhaji Mande ne ya buɗe ta, kuma ba zan zalunce shi ba, mutum ne da aka taɓa ɗauke masa ɗa a hanyar gona, Allah ya maido masa shi. Ya ce mutanen gari sun same shi, suna tsoro. Ba ka san wanda kake shigarwa cikin iyalinka ba, ana ta cewa akwai masu kai wa mutanen daji labari. Ya ce yana da sabon gida mai katanga da bai tare ba, ya bayar kyauta, a zuba baƙi duka a ciki, a sa masu gadi a ƙofa, abinci kuma a wuyansa.

Bello Maƙeri ya dubi ƙasa. Ummaru Masaƙi ya daɗe yana murza bakin rigarsa, sannan ya ce, "Ashe mu na abin tsoro yanzu, Alhaji. Mu da ake kora daga gonakinmu." Ya ce maganar ta riga ta kai Maradun, ta kai ƙauyukan Kaya da Dosara, mutane sun ce in gadi za a yi musu, sun yafe, su zauna gida.

"Ba haka nake nufi ba, Ummaru."

"Na sani. Amma haka anka ji."

Malam Ladan ya juyo ya ce, "Inna Kulu, ba ki ce komi ba."

Na ce, Mande, duk garin nan akwai wanda ya kai ni zargin mutane? Ya ce babu, har Bello ya yi murmushi. Na ce to ka saurari mai zargi. Gidanka mai katanga, in mutum ya shiga cikin taro ya ce shi masassaƙi ne daga ƙauye kaza, mai gadinka ya san ƙarya yake? Bai sani ba. Amma kai shi gidan masassaƙi, a miƙa masa gizago, kafin ya sare itace sau biyu an gane shi. Ni duk wanda Tumba ta shigo da shi gidana na san uwarsa, na san wa ya aure ta. In tsaro kake nema, babu katangar da ta kai wannan. Abin da za a ƙara ɗaya ne: sabon baƙo kada ya zo shi kaɗai, tsohon baƙo ya riƙo hannunsa ya kawo shi, ya ce na san shi.

Na kuma tuna masa shekarar da abin ya tsananta, mutanen ƙauyuka suka kwararo gari da tabarmi a ka. Waɗanda ke da mai masauki ba su kwana a tasha ba. Tumba ta yi wata da watanni a ɗakina da jikokinta, muna gini tare muna faɗa, har hankali ya kwanta ta koma. Na ce, wanda ka ba ɗaki ranar gudu, yau don ya zo da tukwane za ka sa masa mai gadi?

Mande ya share fuska da hannu. Ya ce, "Yaya Kulu, da abokina na nan da abin da zai ce ke nan, sai dai shi zai sa dariya a ciki." Na ce ni ba ni da ita. Ya ce ya janye.

Sai Ummaru ya ce bai ƙare ba. Waya ce ta kai musu maganar tsoro, waya ba za ta goge ta ba. A da mai masauki da ƙafarsa yake kai wa baƙonsa goron gayyata har ƙofar gida, da hanya ta ɓaci aka koma bugawa a waya. Bana in ba su ga fuskar mutumin Mafara da goro a hannu ba, ba za su gaskata ba. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Wa zai je?

Bello ya ce Bakura da Morai a bar masa, zai tafi da maƙeran Mafara su zaga tare. Malam Ladan ya ce shi zai bi Ummaru Maradun. Mande kuwa, duk da abin da ya sami ɗansa a hanya, ya ce Kaya tasa ce, da kansa zai je. Na ce Dosara kuma kada wanda ya taɓa mini. Balkisu ta ce, "Inna, da wannan gwiwar taki?" Na ce mata ba da gwiwa ake miƙa goro ba. Malam Ladan ya yi addu'a, ya roƙa wa marigayi gafara, muka shafa.

Me ya rage na Sahabi bayan shekarun nan? Jakunkunansa sun tsufa, wasu sun yage. Kayan aikinsa an raba wa magada. Yaran da ke tsalle a filin biki ba su san fuskarsa ba, wasu ma sun ɗauka bikin tun kakanni yake, kuma ban ga laifinsu ba. Abin da ya rage shi ne, a garuruwa uku da ƙauyukansu, akwai mutanen da in sun doshi Mafara ba sa tambayar ina za su sauka. Ya yi kuskure gaban jama'a, ya cire hula ya gyara kafin la'asar, gyaran kuma ya fi shi tsawon rai. Allah ya jiƙanka, Sahabi, ya sa ka sauka gidan da ya fi wanda ka nema wa mutane.

Washegarin zaman, da na idar da sallar asuba, na ɗaure goro a ganye, na sa a ƙwarya na rufe da faifai. Na jira rana ta fito sosai, na tambayi direbobi a tasha, suka ce hanya lafiya tun jiya. Na shiga gaban mota don in riƙa ganin hanya da idona. Na sami Tumba a bayan ɗakinta tana jera tukwane za ta toya. Ta ɗago ta gan ni, ta tsaya da tukunya a hannu. Muka gaisa, ta tambayi gida, ta tambayi Balkisu, ta tambayi gwiwa, na tambayi jikoki da gona da kwanan tsoro. Sai da muka gama duka na buɗe faifan na miƙa mata.

Ta dubi goron ta ce, "An ce kuna tsoronmu."

Na ce, "Ni tukwanenki kawai nake tsoro, kada su sake fin nawa."

Ta ɗauki ɗaya ta ɓare, ta ba ni rabi. Sannan ta taka turmi ta leƙa ta kan danga, ta ƙwala wa maƙwabta kira, ta ce kowa ya ƙara itace a wuta, Mafara ta zo da kanta.